Gyaran kaskon baƙin mai na tsohuwar tarakta: a fara duba inda ya tsage

Kaskon baƙin mai, wanda makanikai ke kira botom filet, a ƙaramar mota falle ne na ƙarfe mara kauri, aikinsa kawai ya riƙe mai. A tsohuwar Massey Ferguson kuwa, irin su 135 da aka ƙera daga 1964 zuwa 1975 da injin Perkins mai silinda uku, abin ba haka yake ba. Wannan tarakta ba ta da shasi. Injin da giyabos su ne ƙashin bayanta, kaskon kuma na ƙarfen zubi ne mai kauri, wanda masu walda ke ce wa kas, an ɗaure shi da mazaunin aksul ta gaba, ta baya kuma da gidan kuloci. Yana riƙe mai, yana kuma ɗaukar nauyi. Duk wanda bai san wannan ba, tun daga kwancewa zai fara ɓarna.

Kafin a taɓa sifana, a tabbatar kaskon ne ke yoyo. Sau da yawa man daga sama yake gangarowa, daga filta ko murfin saman inji, ya taru a ƙasa. A wanke injin tas, a bar shi ya bushe, a tayar na minti goma a ga inda danshi ya fara fitowa. In bakin kaskon ne, gaskit ne kawai, wato shimfiɗar da ke tsakanin kaskon da injin don hana yoyo. In notin zubar da mai ne, a canza washar jan ƙarfe. In zaren ramin ya cinye, a sake yanka zare a sa noti mai ɗan girma. Babbar matsala ita ce tsagewa, wadda yawanci kututture ko dutse a gona ke jawowa, ko kuma ɗora jak kai tsaye a ƙarƙashin kaskon ba tare da katako ba.

A zubar da mai yana da ɗumi, a cire wayar batir, a tokare tayoyin baya. A tallafi giyabos da katako mai ƙarfi, ba bulon siminti ba, domin bulo yakan fashe ba sallama. A cusa katako tsakanin aksul da mazauninsa hagu da dama don kada gaban ya kife, sannan a tallafi gaban shi ma. Notocin 135 na awon inci ne. Sifana mai lamba 13 takan shiga kan notin rabin inci, amma da ɗan lilo, kuma a tsohon noti wannan lilon ya isa ya murje kansa. Kaskon yana da nauyi, sai da jak ko mutum biyu, a sauke shi a miƙe don kada ya lanƙwasa bututun da famfon mai ke zuƙa da shi.

Kada a yarda a yi waldar kaskon yana jikin tarakta. Tururin mai da ke ciki na iya kamawa da wuta, kuma waldar ma ba za ta kama ba.

Bayan wanki, a shafa kananzir ta ciki, a goga alli ta waje. Kananzir zai ratso ya zana tsagar a kan allin, kuma kusan kullum takan fi yadda ido ya gani tsawo. Nan ake yanke hukunci. Tsagar da ke gindin kasko ko gefensa tana gyaruwa. Wadda ta ratsa ramukan manyan notocin gaba ko na baya, a ganina ba abin walda ba ce, a nemi wani kaskon na hannu. Wurin nan ne ke shan jijjigar huɗa, in ya ɓalle ana cikin aiki, asarar ta wuce ta mai.

A huda ƙaramin rami mai faɗin milimita 3 a kowane ƙarshen tsagar, shi ke hana ta ci gaba da gudu. A gurza tsagar ta zama kwari mai buɗaɗɗen baki, zurfinsa kamar kashi biyu cikin uku na kaurin ƙarfen. Sai matakin da aka fi tsallakewa: ƙona man. Kas yana da ƙananan ƙofofi, wanda kuma ya shekara arba'in yana jiƙe da baƙin mai ya sha shi har ciki. A gasa wurin da wutar gas ko garwashin gawayi har hayaƙi ya daina tashi, a goge da burushin waya, a maimaita. In ba a yi haka ba, man zai tafaso cikin waldar, ta fito da ƙananan ramuka kamar saƙar zuma, ta ci gaba da tsatsafo.

Sandar walda ta ƙarfe gama-gari ba ta dace da kas ba. Kas yana da sinadarin kabon da yawa, in ya yi zafi ya huce da sauri, gefen waldar yakan taurare ya tsage, wani lokaci ma ana jin ƙararsa tun mai walda bai ajiye kaya ba. A sayi sandar nikel ta kas, mai kaurin milimita 2.5, a rage wuta zuwa amfiya 60 zuwa 80. Tana da tsada, amma 'yan ƙwarori kaɗan sun isa. A ɗumama kaskon gaba ɗaya, ba wurin tsagar kaɗai ba. A yi walda gajere-gajere, santimita 2 zuwa 3, a tsaya, a bubbuga da ƙaramar guduma tun tana da zafi don ƙarfen ya saki, a koma wani ɓangaren tsagar. A cike ramukan nan biyu daga ƙarshe. Da an gama, a binne kaskon cikin busasshen yashi ko toka ya kwana. Ban da ruwa, ban da fanka. Inda ba a sami sandar nikel ba, liƙi da tagulla a wutar gas yana yi sosai ga kaskon mai, domin ba ya narkar da kas ɗin kansa. Gam mai haɗi biyu irin Araldite kuma na fita kunya ne, a ƙarasa huɗar damina, shi ma sai a wurin da aka kankare ya bushe ƙamas.

Washegari a zuba kananzir a ciki a bar shi wasu awoyi a kan takarda. In ba ɗigo, a wanke shi sau biyu, domin ƙwayar yashi ko garin gurza in ya shiga mai, kai tsaye metal zai ci, wato ƙarafunan da karanshaf, babban sandan da ke juyawa a cikin inji, ke juyi a kansu. A wanke ragar matatar famfon mai tunda ga ta a buɗe. In an ga ɓurɓushin ƙarfe mai ƙyalli a gindin kaskon, a duba metal da karanshaf kafin a rufe.

A sa sabon gaskit, gam na gaskit kaɗan a kusurwoyin da gutsattsarinsa suka haɗu. In ya yi yawa yakan matso ciki ya toshe raga. A ɗaura dukkan notoci da hannu tukuna, ƙanana da manya, sannan a matse daga tsakiya zuwa gefe, zagaye biyu ko uku. Wanda ya matse gefe ɗaya tamau ya jawo kaskon da ƙarfin noti, shi zai tsaga shi da hannunsa. A canza filta, a zuba mai 15W-40 wajen lita 6, a bi abin da sandar awo ta nuna. In an tayar, agogon mai bai tashi cikin daƙiƙa goma ba, a kashe inji nan take a binciki bututun zuƙa. Bayan aikin yini guda a sake bin notocin, don gaskit yakan kwanta.