Janye Yajin Aiki Daban, Dawowar Shirye-shirye Daban

Ranar 27 ga Satumba, 2023, da ƙungiyar marubutan fim da talabijin ta Amurka, wadda aka fi sani da WGA, ta janye yajin aikin da ta shafe kwana 148 tana yi, ina cikin waɗanda suka ɗauka cewa nan da 'yan makonni shirye-shiryen da muke dako za su dawo. Na yi wannan zato ne saboda yadda na saba ganin sauran yajin aiki: direbobi su janye yau, gobe motoci su cika titi. Sai da na bi lamarin wata da watanni kafin na gane cewa masana'antar talabijin ba haka take tafiya ba, domin aikinta kamar sarƙa yake, kuma marubuci shi ne zoben farko. Idan ya ajiye alƙalami wata biyar, duk wanda ke bayansa sai ya jira ya sake ɗauka, ya yi nisa, kafin shi ma ya motsa.

An fara yajin ne ranar 2 ga Mayu, bayan da tattaunawa ta watse tsakanin ƙungiyar, mai mambobi kusan 11,500 a wannan fanni, da gamayyar kamfanonin shirya fina-finai ta AMPTP, wadda ke wakiltar su Disney da Netflix da Amazon da Warner Bros. Discovery da sauransu. Jigon rigimar shi ne yadda kallo ta intanet ya sauya tsarin biyan marubuci. A da, idan tasha ta maimaita shiri ko ta sayar da shi ga wasu ƙasashe, marubuci yana samun kason maimaici da zai riƙe shi a lokacin da ba shi da aiki. Manhajojin kallo sun zo da zango gajere, mai kashi takwas ko goma, da ɗakin rubutu mai mutane kaɗan da ake sallama kafin a fara ɗauka, sannan ga kason maimaici wanda ba ya la'akari da yawan waɗanda suka kalli shirin. A kan haka kuma sai ga fargabar ƙirƙirarriyar basira.

Waɗanda suka fara dawowa su ne masu shirye-shiryen hira da barkwanci na dare, kuma dalilin a bayyane yake: abin da aka rubuta da safe shi ake ɗauka da yamma, a watsa da dare. Bill Maher ya dawo ranar 29 ga Satumba, John Oliver ranar 1 ga Oktoba, sannan Jimmy Fallon da Jimmy Kimmel da Stephen Colbert da Seth Meyers suka dawo tare ranar Litinin, 2 ga Oktoba. Na kalli fitowarsu washegari a YouTube, kuma abin da ya fi jan hankalina shi ne yadda kowannensu ya yi ta ƙoƙarin cusa labaran wata biyar cikin 'yan mintuna, kamar wanda ya dawo daga doguwar tafiya ya tarar da baƙi a zaure. Meyers ma bai gayyaci baƙo ba a daren, ya cinye shirin wajen bitar abubuwan da suka wuce shi. Kujerar baƙi kuwa ta nuna cewa da sauran rina a kaba, domin ƙungiyar 'yan wasa ta SAG-AFTRA tana nan cikin nata yajin tun 14 ga Yuli, kuma dokarta ta hana mambobi tallata fina-finai da shirye-shiryen kamfanonin da ake rigima da su. Saboda haka Colbert ya buɗe da masanin taurari Neil deGrasse Tyson, shi kuma Arnold Schwarzenegger da ya je wurin Kimmel, batun littafinsa ne ya kai shi.

Wannan haɗuwar yajin biyu, wadda rabon da a ga irinta tun 1960 lokacin da Ronald Reagan ke shugabantar ƙungiyar 'yan wasa, ita ce ta sa dawowar shirye-shiryen wasan kwaikwayo ta rabu gida biyu. Marubuta sun koma ɗakunansu a farkon Oktoba, amma babu wanda zai tsaya gaban kyamara ya faɗi abin da suka rubuta. Sai ranar 9 ga Nuwamba, bayan kwana 118, 'yan wasa suka janye nasu. A ganina waɗannan makonni shida ba asara ba ne gaba ɗaya, domin ko da 'yan wasa suna nan a shirye tun ranar farko, babu rubutun da za a miƙa musu.

Ya kamata a ɗan tsaya a kan abin da ke faruwa a ɗakin rubutu, domin a nan ne jinkirin yake ɓoye. Marubuta suna zama kewaye da tebur, gabansu da allo ko bango da aka manna wa ƙananan katuna, kowane kati yana ɗauke da fitowa guda: wane ne ya shigo, me ya zo nema, me ya samu. Da farko sukan shimfiɗa tafiyar zango gaba ɗaya, sannan su ɗauki kashi ɗaya su warware shi fitowa bayan fitowa, suna cire kati suna sauya masa wuri har labarin ya zauna. Daga nan a rubuta taƙaitaccen tsari a aika wa kamfani da tasha, su dawo da gyare-gyarensu, sannan a ba marubuci ɗaya ya tafi ya rubuta cikakken kashin, wanda shi ma sai ya sha gyara a hannun jagoran shirin. Sai rubutu ya kai wannan matsayi ne darakta zai san inda zai ɗauka, mai gini ya san ɗakin da zai haɗa, mai sutura ta san abin da za ta ɗinka, mai zaɓen 'yan wasa ya san ko likita ake nema ko ɗan sanda. Ɗaukar kashi guda na shiri mai tsawon awa ɗaya takan ci kimanin kwana takwas na aiki, bayan haka kuma ga tace hoto, da haɗa sauti, da kiɗa. Babu ko ɗaya daga cikin waɗannan matakai da za a tsallake don ana sauri.

Manyan tashoshin Amurka, wato ABC da CBS da NBC da Fox, suna da kalandar da suka daɗe a kanta: marubuta su fara aiki a farkon bazarar can, a fara ɗauka a Yuli ko Agusta, a buɗe sabon zango a Satumba, a rufe a Mayu da kashi 22 ko kusa da haka. Yajin ya faɗo daidai lokacin da ya kamata a fara rubutu, ya kuma cinye lokacin ɗauka. Da aka koma bakin kyamara a ƙarshen Nuwamba da farkon Disamba, hutun Kirsimeti na tafe, kuma watan Mayu bai matsa ko taƙi ba. Abin da ya rage shi ne a yanke zangon. Shirye-shiryen Chicago guda uku na NBC da jerin Law & Order sun dawo a tsakiyar Janairun 2024 da kashi 13 kowanne, Abbott Elementary ya dawo a Fabrairu da kashi 14, NCIS da kashi 10, sannan Grey's Anatomy ya buɗe zangonsa na 20 a Maris, shi ma da kashi 10. Kafin nan tashoshin sun cike gurbi da gasanni, da shirye-shiryen da ba su buƙatar rubutaccen labari, da waɗanda aka sayo daga waje ko aka aro daga 'yan uwan kamfanoni, kamar yadda CBS ta riƙa haska tsofaffin zangunan Yellowstone. Bikin kyautar Emmy ma sai da aka ɗage shi daga Satumba zuwa 15 ga Janairu, 2024.

Manyan shirye-shiryen manhajojin kallo sun fi shan jinkiri, domin su ba kalandar tasha ke kora su ba, kuma ɗaukarsu takan ci watanni da yawa. Zangon ƙarshe na Stranger Things bai shiga ɗauka ba sai Janairun 2024, ga shi kuma yaran da aka fara shirin da su tun 2016 sun zama manya, abin da babu yarjejeniyar da za ta iya dakatarwa. The Last of Us ya fara ɗaukar zango na biyu a Fabrairun 2024 a Kanada. Matsalar a nan ta wuce rubutu: ɗan wasan da aka tanadi lokacinsa don watan Yuni yana da wani alkawarin a Janairu, kuma kowane kamfani yana neman ɗakunan ɗauka da ma'aikata iri ɗaya a lokaci ɗaya. House of the Dragon ne ya tsallake rijiya da baya, domin an kammala rubutunsa kafin yajin, kuma ana ɗaukarsa ne a Birtaniya ƙarƙashin yarjejeniyar ƙungiyar 'yan wasa ta can, Equity, wadda dokar ƙasar ba ta ba ta damar shiga yajin goyon baya ba.

Wanda ya san yajin da ya gabata ba zai yi mamakin wannan ba. Wancan ya fara ranar 5 ga Nuwamba, 2007, ya ƙare 12 ga Fabrairu, 2008, kwana 100 ke nan, kuma ya faɗo a tsakiyar zango, saboda haka ya yanke labarai ana cikin ba da su. Zangon farko na Breaking Bad ya tsaya a kashi bakwai maimakon tara, zango na biyu na Heroes ya tsaya a 11, shirin 24 kuwa sai aka ɗage zangonsa na bakwai har zuwa Janairun 2009. Masu shirin dare sun koma a farkon Janairun 2008 ba tare da marubutansu ba, in ban da David Letterman da Craig Ferguson, waɗanda kamfanin Letterman ya ƙulla musu yarjejeniya ta daban da ƙungiyar. Ina tuna hoton Conan O'Brien zaune a teburinsa da gemun da ya tara, yana juya zoben aurensa a kan tebur ana ƙirga daƙiƙun da zai yi kafin ya faɗi, don kawai a cike lokaci. Ban san wata hujja da ta fi wannan nuna aikin marubuci ba. A 2023 Drew Barrymore ta sanar a Satumba cewa za ta dawo da shirinta kafin a sasanta, amma sukar da ta sha ta sa ta janye, ta jira.

Game da abin da marubutan suka koma da shi, yarjejeniyar da kashi 99 cikin 100 na waɗanda suka kaɗa ƙuri'a suka amince da ita a Oktoba ta ƙara mafi ƙarancin albashi da kashi 5, da 4, da 3.5 cikin 100 a shekaru uku. Ta ƙayyade yawan marubutan da za a ɗauka gwargwadon tsawon zango: uku ga zango mai kashi shida ko ƙasa, biyar ga mai bakwai zuwa 12, shida ga wanda ya haura haka, sai dai idan mutum ɗaya aka ɗauka ya rubuta zangon duka. Ta samar da ƙarin lada ga shirin da kashi 20 cikin 100 na masu rajistar manhaja a Amurka suka kalla cikin kwana 90 na farko, ta kuma hana a ɗauki abin da ƙirƙirarriyar basira ta fitar a matsayin rubutun marubuci, ko a tilasta wa marubuci amfani da ita. Sashen da na fi ba muhimmanci shi ne wanda ya ce a riƙe wasu marubuta har lokacin ɗauka, domin a wurin ɗauka ne ƙaramin marubuci yake koyon abin da zai mai da shi jagoran shiri wata rana.

Sai dai ba kowa ne ya tarar da kujerarsa ba. Amazon ta soke The Peripheral da A League of Their Own a Agustan 2023, alhali ta riga ta sanar da sabunta su. Ƙididdigar da tashar FX ta fitar ta nuna cewa rubutattun shirye-shirye sun ragu daga 600 a 2022 zuwa 516 a 2023. Ba zan ɗora wa yajin laifin wannan duka ba, domin kamfanonin sun fara tsuke bakin aljihu tun kafin Mayu, bayan shekarun da suka yi suna zuba kuɗi don jawo masu rajista. Abin da yajin ya yi shi ne ya ba su sararin sake lissafi, kuma da aka buɗe ƙofa sai aka ga aikin ya ragu. Masu haske da masu kyamara da direbobi da kafintoci, waɗanda ba su suka kira yajin ba amma suka zauna wata shida babu albashi, su ne suka fi jin wannan a jikinsu.

Ni kuwa shirin da nake jira shi ne Severance na Apple TV+. Zangonsa na farko ya ƙare a Afrilun 2022, an tsayar da ɗaukar na biyu a Mayun 2023, aka koma a Janairun 2024, sannan aka fara haska shi ranar 17 ga Janairu, 2025. Da na zauna kallon kashin farko, ban kai minti goma ba na gane cewa na manta inda aka tsaya, har da sunayen wasu daga cikin mutanen ciki, sai na dakatar da shi na koma na sake kallon zangon farko tun daga tushe.