Yanyawa da mabuɗin rumbu a baki

Asabar, Kyoto.

Da sassafe muka sauka a tashar jirgin ƙasa ta Inari, ni da wani abokin karatuna ɗan Japan, don ya ce idan hantsi ya yi wurin ba masaka tsinke. Kana fitowa daga tashar sai ka yi kiciɓis da Fushimi Inari a gindin dutsen Inari, uwar wuraren bautar Inari wajen 30,000 da ke ƙasar.

Gumakan yanyawa biyu na bakin babbar ƙofa su suka fara tsayar da ni. Ɗaya da mabuɗi a baki, ɗaya da wani dunƙulallen abu mai daraja. Na saman dutse kuwa har da jan ƙyalle aka ɗaura musu a wuya. Na tambayi abokina ko dabbar suke bauta wa, ya yi dariya. Ya ce ita 'yar aike ce kawai ta Inari, abin bautarsu na shinkafa da noma, mabuɗin kuma na rumbun shinkafa ne. Wasu na cewa manoma sun girmama ta ne don tana cinye musu ɓerayen gona. Wannan bayanin ya fi kwanta mini.

Dangin Hata suka kafa wurin a 711, tun kafin Kyoto ta zama fadar sarki a 794. Ya ƙone a yaƙin Onin a 1468, aka sake gina babban ɗakin a 1499. Ƙofar da muka shiga kuwa Toyotomi Hideyoshi, jagoran yaƙin da ke riƙe da mulkin Japan a lokacin, ya ba da ita a 1589.

Daga nan sai jajayen ƙofofin katako, torii, kusan 10,000, wasu jere kai da kai har sun zama rumfa. Wajen hawa kusan ba rubutu a jikinsu. Sai da muka juyo na ga bayan kowace da baƙin rubutu: sunan wanda ya saya, galibi kamfani, da ranar da ya bayar. Da can shinkafa ce dukiya a Japan, shi ya sa 'yan kasuwa suka gaji abin bautar manoma. Neman albarka ne, amma ni dai na ga da talla a ciki.

Dutsen mita 233 ne, a mararrabar Yotsutsuji gwiwata ta ce a koma.

A ƙasa muka ci inarizushi, shinkafa cushe cikin soyayyar awara, wai abincin da yanyawa ta fi so. Zaƙin ya yi mini yawa. Da na san haka ne da na taho da yajina.