Ƙofar da muke kullewa kafin kaya su bar shago

Kamfaninmu ƙarami ne, a Kano muke, kuma aikinmu haɗa allon lantarkin da ke sarrafa na'urorin sola na biya-kaɗan-kaɗan. Mutum zai karɓi faifan sola da batir da fitilu, yana biya duk mako. Kuɗi na shiga a tura masa lamba ta waya, ya danna ta a jikin akwatin, wuta ta ci gaba da zuwa. Dukan cinikin nan ya rataya ne a kan IC guda ɗaya, wato 'yar ƙaramar kwamfutar da ke manne a allon, da bai kai farcen yatsa girma ba, samfurin STM32 na kamfanin STMicroelectronics. A ƙwaƙwalwarsa manhajarmu take, da mabuɗin sirrin da ke tantance lambar gaskiya da ta bogi.

Idan ka juya allon za ka ga 'yan ramuka huɗu a jere kusa da gefe. Biyu na wuta ne, biyu kuwa su ne hanyar SWD, wadda kamfanin ARM ya fito da ita don rage yawan wayoyin JTAG, tsarin leƙa cikin IC da aka tsayar da ƙa'idarsa tun 1990. Ta nan muke loda manhaja, ta nan kuma muke neman inda ta yi tuntuɓe. Da ka jona ST-Link, na'urar binciken da ke haɗa ramukan da kwamfuta, sai ka tsayar da IC ɗin cak yana tsakiyar aiki, ka karanta duk abin da ke cikinsa. Ba ma iya aiki sai da wannan ƙofa. Sai dai ST-Link na kwaikwayo da ake kawowa daga Cana arha gare shi, kuma masu gyaran waya a Farm Centre sun daɗe suna tayar da matattun wayoyi da na'urorin bincike irin su RIFF da Easy JTAG. Gwanaye suna nan cikin gari, ba sai an ɗauko wani daga waje ba. Wanda ya kwashe ƙwaƙwalwar allonmu zai iya buga irinsa, ko ya zauna yana sayar wa mutane lambobi a rabin kuɗi.

Kariyar da ke cikin IC ɗin, wadda ake kira RDP, mataki uku ce. A mataki na 0 komai a buɗe yake. A mataki na 1 na'urar bincike za ta jonu amma ba ta karanta manhajar, kuma in aka ce a koma na 0, IC ɗin zai fara goge komai tukuna. A mataki na 2, wanda ake samu ta rubuta 0xCC a wurin saitin, ƙofar ta rufe ke nan har abada, ko kamfanin da ya ƙera shi ba ya buɗewa. STM32F103 da kowa ke so saboda arha ba shi da wannan mataki na ƙarshe, shi ya sa ba ma sa shi a kayan da ke riƙe da kuɗi.

Mutane da yawa suna tsayawa a mataki na 1 su ce sun gama. Ni ban yarda da shi ba ga irin kayanmu, domin a nan ana iya leƙa RAM, ƙwaƙwalwar wucin-gadi ta IC ɗin, kuma manhaja tana ajiye mabuɗin a can lokacin da take lissafin lamba. A 2017 Johannes Obermaier da Stefan Tatschner na cibiyar Fraunhofer AISEC a Jamus sun nuna yadda ake tatsar manhaja daga STM32F0 da ke wannan mataki. Na 2 ma ba gagara-badau ba ne: a 2020 masu bincike na Kraken, kamfanin musayar kuɗin kirifto, sun girgiza wutar IC ɗin da ke cikin Trezor, na'urar adana kuɗin kirifto, daidai lokacin da yake tashi, ya ruɗe ya sauko mataki na 1, suka ce minti 15 ya ishe su in na'urar na hannunsu. Saboda haka kowane akwati namu da mabuɗinsa daban. Wanda ya sha wahalar fasa ɗaya, ɗayan kawai ya samu. Goge sunan IC da sandifefa ko zuba masa danƙo, kamar yadda wasu ke yi, bai wuce ɓata wa ɓarawo rabin yini ba.

Inda abin ke ciwo shi ne gyara. Akwati zai dawo daga ƙauye, zafin bazara ya dafa shi ko tsawa ta taɓa shi, mai shi ya ce yana mutuwa da kansa cikin dare. Yaron da ke kula da gyara a wurinmu ya sha yi mini ƙorafi: "Oga, ka rufe mana ido, sannan ka ce mu nemo ciwo." Yana da gaskiya. Dole ta sa muka rubuta 'yar manhajar tashi ta kanmu, wadda ke karɓar sabuntawa ta hanyar siriyal in tana ɗauke da sa hannunmu na sirri, kuma allon yana rubuta tarihin zafi da ƙarfin batir a wata ƙaramar ƙwaƙwalwa ta daban da za mu iya karantawa. In duk wannan bai warware ba, sai a sa iska mai zafi a cire IC ɗin a dasa sabo, asarar tamu ce.

Kullewa ita ce aikin ƙarshe a teburin haɗi: a gwada allo, a loda manhaja, a sa mabuɗi, a kulle, a kashe wuta a kunna, sannan a sake jona ST-Link. Sai ya ƙi jonuwa ake manna takardar shaida. Manhajar ma tana duba saitin duk lokacin da ta tashi, in ta tarar a buɗe ta ƙi ba da wuta. Allunan gwaji kuwa jan fenti muke ɗiga musu, ba sa fita daga shago.

Yanzu muna gwada STM32H5, wanda ke barin a rufe ƙofar amma mai takardar izini ta sirri ya sake buɗe ta don bincike. Yaron gyara ya matsu mu koma amfani da shi. Ni kuma ina ta lissafin farashinsa da canjin dala, don mai biyan kuɗin fitila mako-mako ba zai ɗauki ƙarin da yawa ba.