Kafin ka ƙara wa tumatir taki, girgiza shi

Duk shekara idan zafi ya fara shigowa Tawa, kuka iri ɗaya nake ji daga bakin ƙannenmu da suka fara 'yar garka a tsakar gida. Tumatir ya yi ganye shar, ya yi fure rawaya gwanin sha'awa, sai furen ya bushe ya faɗo, 'ya'ya ko na rantsuwa babu. Wani ya ce ƙasar gidansu ce ba ta da albarka, wani ya ce mai sayar da iri ya cuce shi, wata ma ta ce baki ne. Ni ma na yi wannan kukan kafin ku, na kuma kashe kuɗi a kan maganin da ba na ciwon ba ne. To ku matso, ƙannena, ku ji.

Ku tsinko fure ɗaya ku duba shi da kyau. A tsakiyarsa akwai wani ɗan ƙoƙo rawaya mai tsini. Wannan shi ne ɓangaren namiji, a cikinsa garin fure yake ɓoye. Idan kuka tsaga shi da farce za ku ga wani siririn tsinke kore a ciki, shi ne macen, kuma a gindinsa ɗan tumatir yake fitowa. Ke nan kowane fure yana ɗauke da namijinsa da macensa, ba ya jiran na maƙwabci. Gero idan ya yi bununi, iska ce ke kwashe shi ta watsa a gona. Garin furen tumatir kuwa ba ya fita sai an jijjiga furen, sannan ya zubo a kan macen da ke kusa da shi. A fili, iska ke yin wannan aiki, tare da wasu ƙwari masu ƙugi, irin babban baƙin nan mai huda itacen rumfa, waɗanda ke kama furen su karkaɗa shi da jikinsu.

Ban san haka ba lokacin da na fara. Na ɗauka rashin ƙudan zuma ne a unguwarmu, har na riƙa bin fure da auduga ina shafa wannan ina kai wa wancan, kamar yadda ake yi wa kabewa. Kabewa tana da furen namiji daban, na mace daban, shi ya sa dabarar ke yi mata aiki. A tumatir kuwa ɓata lokaci ne, wani lokaci ma furen kake raunatawa. Ƙudan zuma ba su damu da furen tumatir ba, don ba shi da ruwan zaƙi, kuma ba su iya wannan karkaɗawar ba. Ko a Turai, masu noma cikin ɗakunan gilashi sun daɗe suna bin fure da 'yar na'ura mai jijjiga, sai a wajen 1987 aka fara kiwon wani ƙwaro mai ƙugi a ƙasar Beljiyam ana sayar masu don ya ɗauke masu aikin.

Abin da ya ƙara dagula mini lissafi shi ne wurin da na shuka. Gidajenmu katanga ce ta ko'ina, na zaɓi lungun da ke tsakanin ɗaki da bango don awaki, na kuma lulluɓe shukar da tsohon gidan sauro don kaji da tsuntsaye. Na tsare ta daga kowa, har da iska da ƙwarin da take buƙata. Wani dattijo mai garka a bakin tafkin Tabalak ne ya ji labarina ya yi dariya, ya ce, "Ɗana, ka kulle ta a ɗaki, wa zai taɓa ta?" Na ce, "To Baba, yaya zan yi da kaji?" Ya ce in bar gidan sauron, amma ni in zama iskar.

Aikin ba wuya. Idan ka kafa wa shukar sanda ko ka ɗaure ta da igiya, sai ka ɗauki kara ka ɗan bubbuga sandar, ko ka sa yatsa ka ƙyasta reshen da furanni suke a kai daga baya. Jijjiga ake so, ba duka ba. Furen da ya shirya shi ne wanda ya buɗe sosai, ganyayensa rawaya suka lanƙwashe baya. Lokacin da ya fi shi ne hantsi, bayan raɓa ta bushe, kafin rana ta take tsaka. Da sassafe garin yana da danshi, yana dunƙulewa ya ƙi zubowa. Ka yi haka yau, ka tsallake gobe, ka sake jibi, muddin akwai sabon fure. Idan ka tara baƙin ƙyalle a ƙarƙashi, wani lokaci har za ka ga ɗan garin ya zubo a kai. Akwai masu amfani da buroshin haƙori mai batir, yana yi kuwa, amma kada wani ya je kasuwa neman sa saboda tumatir, kara ya wadatar.

Sai dai ga inda na fi so ku buɗe kunne. Shekarar da na koyi girgizawa na ɗauka na gama da matsala, na yi sakaci ban zuba iri ba sai cikin Janairu. Kafin in dasa, kafin shukar ta yi ƙarfi, fure ya faɗo cikin Maris da Afrilu. Na girgiza har na gaji, furen ya ci gaba da zubewa. Dalili shi ne zafi yana kashe garin furen tun yana ciki. Idan zafin rana ya wuce digiri 32 zuwa 35 kwana da kwanaki, dare kuma ya ƙi saukowa ƙasa da wajen 22, garin yakan lalace. Zafin dare ma ya fi na rana ɓarna, don shukar ba ta samun hutu. Ku tuna a Tawa da Yamai, Afrilu da Mayu zafi yana haura 40. Ɓarnar kuma tana faruwa tun wajen kwana goma kafin furen ya buɗe, lokacin yana ɗan toho, shi ya sa za ka ga fure lafiya lau a ido alhali ba komai a cikinsa. Wani lokaci zafin kan sa tsinken macen ya yi tsawo ya leƙo waje da ƙoƙon, garin ya zuba bai same shi ba. Mataccen gari, ko ka kwana kana girgizawa ba zai haihu ba.

Masu noman rani na Ƙonni da kwarin Magiya ba don al'ada kawai suke zuba iri da zarar damina ta ɗauke ba. Lissafi ne. Iri yana yin mako uku zuwa huɗu kafin dashe, bayan dashe kuma wajen wata guda fure ya fara. Wanda ya zuba a Oktoba ko farkon Nuwamba, furensa zai zo cikin Disamba da Janairu, lokacin da rana ba ta ƙuna, dare kuma da sanyi. Ku ƙirga daga lokacin fure ku dawo baya, kada ku ƙirga daga ranar da sha'awar shuka ta taso maku.

Hunturu ma yana da nasa halin. Idan sanyin dare ya sauka ƙasa da digiri 13, fure yakan yi nauyin kamawa, amma wannan ba ya daɗewa a wurinmu. Abin da ya fi damuwa shi ne bushewar iska, don idan kan macen ya bushe garin ba ya mannewa. Ku kafa zana ta arewa maso gabas inda iskar ke fitowa, ku yi ban ruwa da safe a gindi, ku rufe ƙasa da busasshiyar ciyawa don ta riƙe danshi. Kada shukar ta sha ƙishi har ta yi yaushi sannan a malale ta da ruwa, fure ne abin da take fara yarwa.

Wanda ya dage sai ya yi tumatir cikin zafi ko damina, lokacin da yake tsada a kasuwa, to ya nemi irin da aka zaɓa don haka, kamar Mongal ko Icrixina wanda cibiyar binciken noma ta ICRISAT da ke Sadore, kusa da Yamai, ta fitar. Masu ƙananan 'ya'ya sun fi manya juriya. Ya yi wa shukar 'yar rumfa da za ta tare ranar azahar zuwa la'asar. Duk da haka kada ya sa ran abin da sanyi ke bayarwa.

Taki kuwa, a nan na fi yin asara. Duk lokacin da fure ya faɗi sai in ce yunwa ce, in ƙara farin takin nan na yuriya. Shukar ta yi tsawo ta fi ni, ganye baƙi-ƙirin don ƙoshi, fure kaɗan, 'ya'ya babu. Yuriya ganye take ginawa. Da fure ya fara, ku rage ta, ruɓaɓɓen takin gargajiya da kuka sa tun farko ya ishe ku.

Idan tsutsar nan mai cin cikin ganye, Tuta absoluta, ta tilasta maku feshi, ku yi da yamma liƙis bayan ƙwari sun koma, kada ku yi da hantsi lokacin da suke kan fure.

Bayan 'yan kwanaki da girgizawa, ku duba gindin furen. Idan wuyansa ya yi rawaya a daidai 'yar gaɓar nan, wannan ya tafi. Idan ya tsaya kore ya yi kauri, ganyen furen ya bushe, ƙaramin abu kamar ƙwayar wake ya leƙo, ya kama, sai ku jira mako shida zuwa takwas ya nuna. Na farkon da ya nuna ku yanka shi biyu. Idan ya cika da ƙwaya da ruwa, barbara ta yi kyau. Idan kun ga rami a ciki da ƙwaya 'yan kaɗan, garin da ya sauka bai isa ba, sai ku ƙara yawan girgizawa a kan furannin da ke sama.