Tarihin Rayuwata, Kashi na 17: “Na Nawa Ka Zo?”

Assalamu alaikum. A makon jiya na tsaya a inda aka ba ni riƙon wata makarantar firamare a bayan garin Gombe, jim kaɗan bayan an cire jihar daga Bauchi a 1996. Yau zan jingine labarin kaina tukuna, domin shekarun da na yi a kujerar hedimasta yawancinsu sun tafi ne a kan magana ɗaya tsakanina da iyayen yara, kuma gara in shimfiɗa ta dalla-dalla tunda har gobe ita ke cin yaranmu.

Ranar ba da hutu, tambayar da ke jiran yaro a zaure ita ce: “Na nawa ka zo?” In ya ce na biyar, a sa masa albarka, a jefa katin sakamako cikin adaka. Amma na biyar a ajin da ya cika maƙil, wanda yawancin ’yan ajin ba su iya haɗa baƙi da wasali ba, bai gaya wa uba komai ba. Ga shi kuma a makarantun gwamnati da wuya a hana yaro wucewa aji na gaba. Haka zai yi ta hawa har aji huɗu, inda littattafai suke yin nauyi kuma Turanci yake mamaye darussa, sai a wayi gari ana cewa yaro ba shi da ƙwaƙwalwa. Ƙwaƙwalwarsa ƙalau take. Tun a aji biyu aka bar shi a baya, ba wanda ya duba.

Dubawar kuwa ba ta kai minti biyar ba. A samu takarda a rubuta kalmomi biyar da ba daga littafin makaranta aka ɗauko su ba, kamar tulu, ƙofa, gyaɗa, kwalba, tsintsiya. In uba ko uwa ba su yi boko ba, yayan yaron ko wani maƙwabci ya rubuta, su kuma su saurara, ai kunne ya san Hausa. Dalilin kauce wa littafin makaranta shi ne, a aji malam yana faɗa yara suna amsawa baki ɗaya, har shafin ya zauna musu a ka. Yaro zai rero shi tiryan-tiryan alhali idonsa na kan bango. In ana son gane haka, a sa yatsa a kan kalmar ƙarshe ta shafin a riƙa dawowa baya. Mai hadda nan take zai tsaya cak. Ɗan aji ɗaya a ƙarshen shekara ya kamata ya karanta tulu da ƙofa ba gargada. Ɗan aji biyu kuwa ya karanta gajeriyar jimla irin “Inna ta aiki Sani kasuwa ya sayo manja,” a tambaye shi wa aka aika, me zai sayo, ya amsa.

In ya kasa, a lura da inda ya maƙale, don maganin ya bambanta. Wani yaron sunayen haruffa na Turanci aka cusa masa a gida, ei, bi, si, di, to in ya ga “ba” sai ya ce “bi-ei”, ya rasa yadda zai haɗa. Iyaye da yawa suna yin wannan da kyakkyawar niyya, amma karatun Hausa da sautin harafi ake fara shi, ba, be, bi, bo, bu, kuma haka littattafan Mu Karanta da aka raba wa ’yan aji ɗaya zuwa uku a jihohin Bauchi da Sakkwato suka bi. Wani kuma b da d ne ke rikita shi, balle an zo kan masu lanƙwasa, ɓ da ɗ da ƙ, sai ya karanta ɓera a matsayin dera. Wani ya san kowane harafi shi kaɗai, amma tagwaye irin ts da sh da gy da kw suna kayar da shi, yana ƙoƙarin furta su ɗaya bayan ɗaya.

Kayan gyaran suna nan a kowane gida. A yayyanka kwalin taliya ko na sukari gutsi-gutsi kamar girman akwatin ashana, a rubuta gaɓa ɗaya a kowanne da manyan baƙaƙe: ki, fi, ra, go, ba, ta, ma. A baza su a tabarma a ce ya haɗa kifi, ya haɗa rago, ya haɗa baki, sannan ya nemo wata kalmar da kansa. Gaɓoɓi biyar sababbi a mako sun isa, kada a ƙara sai waɗancan sun zauna. Minti goma sha biyar kullum ya fi awa biyu ranar Lahadi amfani nesa ba kusa ba. Lokacin ne ke ba da wahala, don yaronmu da asuba yana makarantar allo, da hantsi yana boko, da yamma yana Islamiyya, bayan isha’i kuwa barci ya riga ya ci ƙarfinsa. Abin da na ga ya fi ɗorewa shi ne bayan ya dawo ya ci abincin rana, kafin a tafi Islamiyya, ko tsakanin magariba da isha’i da fitila mai haske sosai. Kuma don Allah a ajiye bulala. Yaron da ke jin tsoro ba ya kallon harafi, fuskar mai koya masa yake kallo yana canki-canka.

Lissafi ma yana da nasa ramin, kuma kusan kullum wuri ɗaya ne. A ba ɗan aji uku 32 a ce ya cire 17. In ya rubuta 25, to ba ganganci ya yi ba: ya ga 2 a sama, 7 a ƙasa, ya cire ƙarami daga babba ya samu 5, ya cire 1 daga 3 ya samu 2. Bai san cewa 3 ɗin nan gomiya uku ba ce. A karyo tsinken tsintsiya, a ɗaure goma-goma da zare, a ajiye masa dami uku da tsinke biyu, a ce ya ba da goma sha bakwai. Da kansa zai ga dole ya kwance dami ɗaya, kuma 15 za ta rage a gabansa. Wannan kwancewar ita ce “aro” da malam ke ta faɗa a allo. Yarinyar da ke ba da canjin naira ɗari biyar a ka ba tare da kuskure ba, amma ta faɗi lissafi a takarda, ita ma abin da take buƙata ke nan, a haɗa mata abin da ta sani da abin da ake rubutawa.

Uwa ko ba ta san bihim ba tana iya karanta littafin rubutun ɗanta. Kowace Juma’a ta karɓa ta ninke kusurwar shafin da aka tsaya. In Juma’a ta zagayo shafuka ba su ƙaru ba, ko yaro ba ya shiga aji, ko malam ba ya shiga. Ta duba jan biro: in an yi mako biyu babu shi, ba a duba aikin. In akwai shi, ta nemi gyara a ƙarƙashin inda aka soke, don yaron da ba ya sake yin abin da ya faɗi zai maimaita kuskuren a jarrabawa. A raba masa littafin lissafi da na rubutu, kada a haɗa darussa duka a guda ɗaya, in ya ɓace komai ya ɓace. Fensir kuwa a raba shi biyu, a ba shi rabi a ajiye rabi.

Sai fashi. Zango ɗaya mako goma sha biyu ne zuwa sha uku. Yaron da ake tsayarwa ranar kasuwa kaɗai ya rasa kashi ɗaya cikin biyar na karatunsa, kafin a zo kan kaka, lokacin roron wake da cirar gyaɗa, da zazzaɓin cizon sauro na damina. Makon farko na komawa hutu ma asararsa ake yi, iyaye na cewa ba a fara karatu ba, malamai na cewa yara ba su dawo ba. Latti shi ma fashi ne a ɓoye, domin yawanci karatu da lissafi ake sakawa da sassafe, to wadda ta tsaya wanke-wanke ko kai koko bakin titi ta iso ƙarfe tara, abin da ya fi muhimmanci ya wuce ta. In ba makawa sai an yi tallan, a mayar da shi bayan an tashi. A sa wa yaro wani abu a ciki kafin ya fita, ko ɗumame ne, don kuɗin tara sau da yawa a alewa suke ƙarewa. Wanda kuma yake kwafe allo da kurakurai barkatai, ko yake matse ido, ko sai an kira shi sau uku ya waiwayo, a tsayar da shi taku bakwai ko takwas daga rubutu, a rufe ido ɗaya a gwada, a rufe ɗayan, a duba kunne ko yana zubar da ruwa. A kai shi asibiti, a kuma roƙi malam ya dawo da shi layin gaba.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne, yawancin iyaye ba sa tako makaranta sai an daki ɗansu. Lokacin zuwa shi ne mako na uku ko na huɗu na zango, sa’ad da sauran damar gyara. A zo lokacin tara don kada a katse darasi, a fara gaida hedimasta, a riƙo littafin yaron a hannu. Na sha ganin yadda magana ke sauyawa in uwa ta zauna a benci ta buɗe shafi ta ce, “Malam, a gafarce ni, ni ban yi boko ba, amma na ga nan an soke, nan ma an soke. Mene ne bai gane ba, me zan sa yayarsa ta riƙa yi masa a gida?” Malamin da ke fama da aji cunkus zai ce, “Maman Abba, ai ko haruffa masu lanƙwasa kaɗai kuka riƙe mana, kun taimake mu,” kuma daga ranar ya san yaron da suna. A nemi ganin rajista a ƙirga ranakun fashi, don akwai yaron da ke fita da kayan makaranta ya ƙare a gindin mangwaro. A karɓi lambar wayar malamin aji. Matar da ba ta fita ta wakilta gwaggo ko kakar yaron, ko ta bi ta ƙungiyar iyaye mata inda ake da ita.

In matsalar ta fi ƙarfin aji ɗaya, kamar malami ba ya zuwa, ko rufi ya yaye, ko babu bayan gida har ’yan mata manya suna gudun makaranta, akwai hanyarta. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta sa karatun firamare da ƙaramar sakandare ya zama kyauta kuma dole, ta kuma ɗora wa iyaye alhakin kai yaro. Bayan ƙungiyar iyaye da malamai, akwai kwamitin kula da makaranta da ake kira SBMC, wanda ke haɗa mai unguwa ko dagaci, malaman addini, wakilan mata, tsofaffin ɗalibai, masu sana’a da hedimasta. A kai kuka can, da ranakun da abin ya faru a rubuce. In ba a ga sauyi ba, kwamitin ya rubuta wa sakataren ilimi na ƙaramar hukuma, daga nan sai hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha, wato SUBEB. Takardar da mutum goma suka sa wa hannu ta fi hayaniyar mutum ɗaya a bakin ofis tasiri. Kuma duk zafin da aka ji, kada a zagi malami a gaban yaro, don gobe shi zai zauna a gabansa ya ɗauki darasi.

Mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu, zan koma kan labarina daga daminar da iska ta kwashe rufin aji uku, da yadda kafintocin unguwa da matan gari suka mayar da shi kafin a dawo hutu.