Abin da injin iska ya koya mini game da zafi

Duk wanda ya fara jin labarin motar da ke tafiya da matsattsiyar iska, abin da ke fara zuwa masa a rai shi ne iska ai kyauta ce. Ba mai, ba hayaƙi, a cika tanki a kama hanya. Da wannan zumuɗin muka ɗauki batun a matsayin aikin ƙarshen karatu a sashen injiniyanci, muka kai wa malamin da ke duba mu. Ya karanta takardar har ƙarshe bai ce uffan ba, sannan ya ɗago kai ya ce, "To, wa ya matse iskar?" Ɗaya daga cikinmu ya ce, "Kwamfaresa mana, Malam." Ya ce, "Madalla. Ita kuma me take ci?"

Daga wannan tambaya aikin ya canza fuska. Matsattsiyar iska randa ce, ba rijiya ba: abin da aka zuba mata shi za a ɗiba, kuma ba duka ba. Lantarki ko dizal ne ke juya kwamfaresa, don haka hayaƙin da bai fita ta salansar motar ba ya riga ya fita a wani wuri, sai dai idan daga hasken rana ko ƙarfin ruwa aka samo wutar. Motar iska 'yar'uwar motar batir ce, da ita ya kamata a gwada ta.

Shi kansa injin ba shi da wuya. Iska ta shiga silinda da ƙarfi, ta tura fistan ƙasa, bawul ya buɗe ta fita. Babu fulogi, babu ƙonewa. Mun ɗauki ƙaramin inji na fetur muka sauya lokacin buɗewar bawul ɗinsa, muka haɗa masa tiyo daga tanki, ya kuwa tashi yana ƙara tas-tas. Wannan shi ne ɓangaren da ake nunawa a bidiyo, kuma shi ne mafi sauƙi a duk aikin.

Inda gizo ke saƙar shi ne zafi. Duk wanda ya taɓa buga famfon keke ya san gindinsa na ɗumi. Iska idan an matse ta sai ta yi zafi, kuma da wannan zafin kaɗai injin dizal ke kunna mansa. A lissafi, idan aka matse iska a tashi ɗaya har ta kai ninki 300 na matsin iskar da muke shaƙa, zafinta zai wuce digiri 1,000 a ma'aunin Salsiyas. Shi ya sa manyan kwamfaresoshi ke matsewa hawa-hawa, suna sanyaya iskar tsakanin hawa da hawa. A ɗakin gwajinmu, kan kwamfaresa ba ya taɓuwa da hannu idan ta ɗan jima tana aiki, fanka na ta hura shi. Wannan zafin da ake kora waje wutar da aka biya ce, ta tafi tun iskar ba ta shiga tanki ba.

A wajen fita kuma labarin ya juye. Iskar da ke buɗewa tana sanyi, sanyi mai tsanani. Injinmu na 'yan mintoci yana aiki sai farar ƙanƙara ta fara kama bututun fita, da farko siririya, daga baya ta yi kauri har ana kankare ta da farce. Ɗanshin da ke cikin iskar ya daskare a bakin bawul, ƙarar injin ta fara sarƙewa, gudunsa ya ragu. Ko babu ƙanƙarar ma, iska mai sanyi tana ƙanƙancewa, ba ta tura fistan yadda ya kamata. Wato an yi asarar zafi a shiga, an kuma rasa shi a fita, a daidai lokacin da ake buƙatarsa.

Abin da ya fi burge ni a karatun shi ne injiniyoyin da sun san haka sarai. A 1879 birnin Nantes na Faransa ya fara amfani da taragon cikin gari mai tafiya da matsattsiyar iska, ƙirar Louis Mékarski, kuma ya yi aiki fiye da shekara 30 kafin lantarki ya karɓe hanyar. Mékarski ya sa tukunyar tafasasshen ruwa a cikin taragon, iska ta ratsa ta ta ɗauki zafi kafin ta isa silinda. Bai yi da'awar cewa iska kaɗai ta isa ba. Na fi ganin girman wannan tukunya a kan yawancin tallace-tallacen zamaninmu.

Sai maganar yawan abin da tanki ke ɗauka, wadda a nan ne alƙalami ke kashe zumuɗi. A ɗauki tanki mai lita 300, wanda babba ne ƙwarai ga ƙaramar mota, a cika shi zuwa ninki 300. Ko da ba a yi asarar komai ba, ƙarfin da ke ciki bai wuce kimanin kilowat-awa 14 ba, wato daidai da makamashin da ke cikin fetur lita ɗaya da rabi. Adalci shi ne a faɗi cewa injin fetur ma kashi ɗaya cikin huɗu zuwa ɗaya cikin uku kawai yake mayarwa tafiya, saura zafi ne. Duk da haka tazarar na da faɗi. Iskar da ke cikin wannan tanki ita kaɗai ta kai kilo 100, ban da nauyin tankin, wanda sai an naɗe shi da zaren kabon idan ana so ya yi sauƙi, shi kuwa zaren kabon tsada gare shi.

Akwai wata asarar da ba a cika ambata ba. Injin ba ya iya karɓar iska da cikakken matsin tanki, sai an sa na'urar rage matsi a tsakani. Idan tanki na cike aka sauke matsin daga ninki 300 zuwa 30 ta wannan hanya, kusan kashi 40 cikin ɗari na aikin da iskar za ta iya yi ya salwanta a wannan ɗan ƙarfen, ba tare da ta juya komai ba. Ga shi kuma allurar ma'auni na sauka tun daga tashi, ba kamar fetur ba, wanda litar ƙarshe ƙarfinta ɗaya da ta farko.

Da wannan lissafi a hannu, tarihin kamfanonin ya daina ba ni mamaki. Guy Nègre, injiniya ɗan Faransa, ya kafa kamfanin MDI ya shafe shekaru yana nuna ƙananan motocin iska, ciki har da AirPod. A 2007 kamfanin Tata na Indiya ya ƙulla yarjejeniya da shi, a 2012 ya ce an kammala matakin farko na gwaji, amma motar ba ta shiga kasuwa ba har Nègre ya rasu a 2016. Wani bincike da masana daga Jami'ar Kalifoniya ta Berkeley suka shiga, wanda ya fito a 2009, ya nuna motar batir ta fi motar iska tattalin makamashi nesa ba kusa ba. Batirin litiyam na mayar da kusan kashi 90 cikin ɗari na wutar da aka zuba masa. Iska ba ta kusa da nan.

Ban fito daga aikin ina raina iska ba. Tankinta na cika cikin mintoci, ba ya tsufa da yawan ci da juyewa kamar batir, kuma injinta ba ya tartsatsi, dalilin da ya sa aka daɗe ana jan kaya da ita a ramukan haƙar kwal, inda ƙyasti ɗaya ke iya tayar da gobara. Da ita ake tayar da manyan injinan jiragen ruwa, da ita birkin manyan motoci ke kamawa. Duk waɗannan ayyuka ne na ƙarfi mai yawa cikin ɗan lokaci, ko na gajeriyar tafiya kusa da kwamfaresa.

A ƙaramar mota, wurin da na ga ta fi dacewa shi ne ta zama mataimakiya. Kamfanin Peugeot Citroën ya nuna irin wannan a 2013 da sunan Hybrid Air: idan direba ya taka birki, famfon man hayidirolik ya matse iskar naitirojin a wata tukunya, idan zai tashi ta mayar masa da ƙarfin, injin fetur kuma ya ɗauki doguwar hanya. A cunkoson gari, inda ake tsayawa ana tashi, dabarar na da ma'ana, domin ba a barin iskar ta daɗe har zafinta ya tsere. A 2015 kamfanin ya jingine shirin, saboda bai sami abokin da za su raba kuɗin ƙera ta ba.