Sikelin da ke rataye a ƙofar shagona

Kusan duk wanda ya shigo shagona karon farko tambayarsa ɗaya ce, Malam wannan sikelin fa, littattafai kake sayarwa ko gawayi? Sikeli ne ɗan ƙarami mai ƙugiya, irin wanda ake rataya jaka a ɗaga sama, kuma gaskiya da ba don shi ba da tuni na rufe na kama wata sana'ar.

Shagon ma dai suna ne kawai. Ɗaki ɗaya ne a ƙasan wani bene a Hayyul Ashir, nan Madinat Nasr a Alƙahira, in mutum uku suka shigo na huɗu sai dai ya jira a waje. Wanda ya zauna Masar ya san unguwar, baƙi ne maƙil, 'yan Sudan, Somaliyawa, 'yan Indonesiya da Malesiya, ga kuma namu na Najeriya da Nijar da Chadi. Ni ma karatu ya kawo ni Azhar kamar kowa, na gama, aka yi aure, yau za a koma gida gobe za a koma gida, ga shi har yanzu ana nan.

Ga yadda abin yake. Ɗalibi zai sauka ƙasar nan da jaka ɗaya, ya yi shekara biyar ko shida, duk ƙarshen Janairu in an buɗe Ma'arad, wato babban baje kolin littattafan Alƙahira da ake yi tun 1969, sai ya kwashi kuɗin cefanensa ya je ya dawo da Fathul Bari mujalladi goma sha uku a ka, ya ƙarasa watan da ful, wato dafaffen waken Misirawa, da burodi, kuma wallahi ransa fes. Haka zai yi ta tarawa har bangon ɗakinsa ya cika. To sai ranar tafiya ta zo, tikitin jirgin Kano ya ce jaka biyu, kowace kilo 23. Kilo 46 ke nan, a ciki har da jallabiyar Baba, abayar Mama, tsarabar ƙanne da ta 'yan unguwa. Akwai kago, amma kuɗinsa wani lokaci ya fi kuɗin littattafan. Abin da ya kasa shiga jaka, shi ne jarina.

Bara wani yaro ɗan wajen Katsina ya zo mini da kwali uku a tuk-tuk, adaidaita sahunsu na nan. Tun bayan la'asar muke abu ɗaya har aka kira isha. Ya sa littafi a jaka mu ɗaga, 25, ya cire ƙamus ya mayar da wani ɗan siriri, mu sake ɗagawa, 24 da ɗigo, ya zauna a ƙasa ya yi tagumi. Ya ɗauko wani sharhi ya ce Yaya wannan fa da kuɗin sahur na saye shi shekarar da na zo. Na ce to ka cire takalman nan mana ka sa shi. Ya ce na Hajiyarmu ne. Daga nan ban ƙara magana ba. Ƙarshe kwali biyu ya sayar mini, na ukun ya ce Yaya don Allah ka ajiye mini amana, in wani zai taho zan aiko a karɓa.

Farashi kuwa a Azbakiyya na koye shi. Kasuwar tsofaffin littattafai ce, in ka sauka metro a Ataba ga ta nan, rumfuna jere, dattawan wajen su kalli littafi sau ɗaya su faɗa maka bugun wane zamani ne. Farashin sabo kuma sai in leƙa Darbul Atrak bayan masallacin Azhar, in dawo in raba biyu ko in ɗan ɗara. Dattawan Azbakiyyan nan ne suka koya mini cewa saiti in mujalladi ɗaya ya ɓata, sauran sun zama na tokare ƙofa. Amma akwai inda muka raba hanya da su. A wajensu littafin da aka yi wa rubutu a ciki darajarsa ta faɗi. Ni a wajena shi ya fi tsada, in dai rubutun na Bahaushe ne. Za ka buɗe Alfiyya ka ga wani bawan Allah ya bi baiti baiti da jan biro ya sa ma'anar kalmomi da ajami a ƙarƙashi, ƙanana kamar tururuwa, wani wajen har da "a nan malam ya ce a kula". Sabon zuwa da Larabcin Misirawa bai zauna masa a kunne ba tukuna, in ya ga irin wannan ko ciniki ba ya yi. Na taɓa sayar da kwafi ɗaya sau uku, kowane mai shi ya gama ya dawo mini da shi da ƙarin rubutu, yanzu hannu uku ne a ciki, ja da shuɗi da fensir.

Ni dai abin da nake ƙyashin sayarwa su ne masu rawayar takardar nan bugun Halabi. Irinsu ne mahaifina yake sayowa a Kasuwar Kurmi, ashe daga nan garin ake buga su. In na buɗe ɗaya warin zaurenmu nake ji. Sai in tsuga musu kuɗi da gangan don kar a saya.

Maganar riba kar ma a tayar. A watan Maris na 2024 fam ɗin Masar ya faɗi rana ɗaya daga wajen 31 a dala zuwa kusan 50, sabon littafi ya yi tsada, mutane suka dawo kan na hannu, na ce to kakata ta yanke saƙa. Ashe na manta naira ma ta riga ta sha ƙasa tun 2023, abin da ake turo wa yara daga gida ya zama ba ya kai ko'ina. Ciniki ya ƙaru, kuɗi bai ƙaru ba, littafin bashi ne ya yi ƙiba. "Malam rubuta, sai an turo." Kuma ya za ka yi da yaron da jarrabawa saura sati biyu, ga kuɗin iƙama, wato takardar izinin zama, na jiransa? Yawanci suna biya, a yi musu adalci. Waɗanda ba su biya ba ma sikeli zai kawo mini su wata rana, sai mu yi lissafi a kan kwali.

Akwai kuma kantar da ba na nunawa, tana ƙarƙashin tebur, ta littattafan Hausa. Ba su fi arba'in ba, yawancinsu na soyayya ne bugun Kano da matan ɗalibai suka zo da su, bangonsu duk salatif. Waɗannan haya nake bayarwa, ba na sayarwa, don in sun tafi ba ni da inda zan samo wasu. Ustazai masu rawani sukan zo bayan isha, su gama jujjuya littafin usulu, sannan a yi ƙasa da murya a ce wai uwargida ce ta aiko. Ni ma sai in ce Allah sarki, a gaishe ta, alhali na san wani ko auren bai yi ba.

Kwanaki wata Hajiya ta shigo, mijinta ta kawo asibiti, wata biyu suna gari, ba ta jin Larabci, ta ce ɗan nan an ce kana da abin karantawa da Hausa, kwana nake zaune a kujera ina kallon bango. Na jawo mata kantar. Ta ɗauki Magana Jari Ce na ɗaya, ta ce rabonta da shi tun tana firamare, za ta karanta wa Alhaji. Ta miƙo kuɗi na ce Hajiya ki bar shi. Bayan kwana huɗu ta dawo neman na biyu, kuma na biyun ne ba ni da shi, na ɗaya da na uku kawai suka taɓa shigowa hannuna. Don haka in akwai mai tahowa daga Kano ko Zariya cikin watan nan, don Allah a taho mini da shi, ko tsoho ne, ai bai kai rabin kilo ba.

Shi kuma ɗan Katsinan nan, in kana karantawa, kwalinka na nan. Shi ne na bakwai a jerin amana, a kansa nake ɗora butar shayi.